Sunan da ke Ƙasan Shafi

Filinge, bayan yankan gero

Zuwa ga Yaya Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anisa da yara. Yaya Abijan da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau. Inna gwiwar ce dai ke damunta, yanzu zaune take sallah, amma bakinta bai gaji ba. Na ga Kawu ran kasuwa, ya ce in na rubuto maka in tambaye ka ko ka manta hanyar gidan ubanka. Geron bana ya yi dama-dama.

Na rubuto ta imel ne don na san halinka, muryar wasap sai ta tsufa kafin ka saurara, ga maganar kuma da tsawo.

Manhajar nan da nike gina shafukan intanet da ita, wadda ka koya mini tun ina lise, makarantar sakandare, masu ita sun aiko sanarwa za su rufe ta ƙarshen shekara. Ke nan dole in kwashe aikina duka in koma wata. Ba su da yawa: farmasin bakin tasha, wata lekol, makaranta mai zaman kanta, Habsa mai ɗinki, sai ƙungiyar manoman dankalin turawa ta Bonkuku. Wagga ta ƙarshe ita ce a raina. Shugabansu Malam Kailu sai da na yi ta zarya kafin ya yarda da ni, don ya ce bai ga yadda hoto cikin waya zai saida buhu ba. Bara 'yan kasuwar Yamai sunka ga lambarshi a shafin, sunka kira shi kai tsaye, ba dillali a tsakani. Tun ran nan “ɗiyata” yake ce mini.

Na gwada manhajoji da yawa, biyu sunka rage. Guda ba ta da kwalliya ko kaɗan, kamar ɗakin gwauro, amma ko reso, wato layin intanet, ya yi rauni tana buɗewa. Gudan kyakkyawa ce, sai dai ba a shiga sai da katin banki, ni kuwa ba ni da shi. Zuciyata ta fi kwanciya da ta farkon, amma ba ni so in yanke ban ji ta bakinka ba. Kai ka fara ɗora hannuna bisa ordinatar, wato kwamfuta.

Ka gaida Anisa.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya

*

Abijan

Zuwa ga baiwata Sa'adiyya,

Wa'alaikumus salam. Eh, baiwata na ce. Ke ɗiyar mace ce, ni ɗan namiji, kuma ba a taɓa 'yanta ki ba balle ki ce mini wani abu. Muna lafiya. Ƙaramin ya fara haƙori, ya hana uwarshi sakat. Ki gaida mini Gwaggo, ki ce mata akwai man shafawa na gwiwa da zan ba direban mota ya kawo. Baba kuma ki ce mishi hanyar gida tana nan cikin kaina.

Na karanta wasiƙarki har na yi dariya. Ɗakin gwauro! Haba Sa'a, aikinki ya wuce nan. Na shiga shafin Bonkuku na duba, wallahi hotunan nan da kinka ɗauka cikin gonaki ko nan Abijan ba kowa ke iya su ba. Kada ki zuba su cikin abin da zai rage musu daraja.

Ki bar biyun nan duka. Akwai wata sabuwa, Batisso, ita nike aiki da ita yanzu. Ba ta da wuya, cikin kwana kaɗan za ki ƙware. Maganar kati kuma kada ta dame ki. Ki turo mini lambobin sirrin tsofaffin shafukan da hotunan duka, in buɗe su cikin kont ɗina, wato asusuna na manhajar, in ba ki ƙofa ki shiga ki yi aikinki. Mutanen nan naki ni zan ɗauke miki nauyinsu gaba ɗaya, ke ki huta.

Ki hanzarta, don ina so a gama kafin ƙarshen wata.

Ubangijinki,
Nafi'u

*

Filinge, farkon sanyi

Zuwa ga Yaya Nafi'u,

Bayan gaisuwa, ina fata haƙorin yaro ya fito lafiya. Man shafawa ya iso, Inna ta sa maka albarka har na gaji da cewa amin.

Yaya, ban san da wane baki zan gode maka ba. Da na karanta inda ka ce za ka ɗauke mini nauyinsu, sai da na aje wayar na ɗan zauna. Kuɗin kati shi ne ya tsaya mini a wuya, ban iya faɗa maka ba, kai kuma ka gane da kanka. Allah Ya saka.

Na gama kwashe shafukan duka. Gaskiyarka, Batisso tana da daɗin aiki, Habsa da ta ga ɗinkunanta suna juyawa da kansu sai da ta yi guɗa cikin shago. Daraktan lekol ma ya yaba.

Abu biyu dai ke ɗan damuna. Na farko, tana da nauyi. Nan cikin gari tana buɗewa, amma da na gwada a hanyar Bonkuku sai da na yi ta jira. Na biyu, ba ta bari a rubuta lambar waya a fili yadda na saba. Wani maɓalli take sawa, “A tuntuɓe mu”, mai saye ya rubuta saƙonshi. Na sa lambar Malam Kailu a inda na ga an tanada, amma ban tabbata saƙon wurinshi yake zuwa ba. Wajen da ake duba wannan ba ya buɗe mini, cewa yake sai mai kont. Don Allah ka leƙa mini.

Na je na nuna wa Malam Kailu sabon shafin. Ya juya wayar, ya ce, “Ɗiyata, mu ba mu san kan abin nan ba. In kin ce ya fi, ya fi.” Ya ce bana sun ƙara fili saboda masu sayen bara.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya

*

Filinge, tsakiyar sanyi

Yaya Nafi'u,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Na rubuto sau biyu, na kira, wayarka na ta ƙara ba a ɗauka. Na tambayi Kawu ya ce kun yi magana ran Juma'a kuma kana lafiya, to alhamdulillahi. Mu ma lafiya.

An fara haƙar dankali a Bonkuku. Har yanzu ko mutum guda bai kira Malam Kailu daga Yamai ba. Bara war haka motoci sun fara zuwa. Jiya ya kira ni, bai yi faɗa ba, tambaya kawai ya yi ko shafin na nan da rai. Na ce yana nan. Na rubuta saƙon gwaji ta maɓallin nan, bai same shi ba, ni ma bai zo mini ba. To ina yake zuwa?

Na so in cire maɓallin in rubuta lambar da hannu cikin hoto, sai na tarar ƙofar da ka ba ni ta canza. Yanzu ina iya gyara rubutu, amma ba ya fita sai mai kont ya amince. Gyare-gyarena suna can jere suna jiranka.

Akwai kuma wani abu, wataƙila kuskuren manhajar ne. Ƙasan kowane shafi, inda nike sa “Aikin Sa'adiyya Musa, Filinge”, yanzu “Nafi Dijital, Abijan” ke rubuce. Har na Habsa. Na san ba za ka yi haka da gangan ba, shi ya sa nike faɗa maka ka gyara.

Yaya, dankali ba gero ba ne, ba ya jira a rumbu. Da zafi ya shigo ya lalace. Ko layi guda ne ka rubuto mini.

Sa'adiyya

*

Abijan

Sa'a,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da shiru, kaina ne ya ɗau zafi. Amma albishirinki: na samu aiki! Kamfanin Batisso sun ɗauke ni wakilinsu, ni zan riƙa kula da masu aiki da manhajar a ƙasashenmu. Mu da yawa munka nema, an yi ta gwaji da tambayoyi, shi ya sa ba ki same ni ba. Ki faɗa wa Gwaggo addu'arta ta karɓu. Anisa har kuka ta yi. Shekarun nan na wahala, kin san wasu, wasu ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Maganar suna a ƙasan shafi ba kuskure ba ne, haka tsarin yake, sunan mai kont ke fita. Kada ki sa shi a rai. Sauran abubuwan da kinka lissafa zan duba su da na samu sarari, yanzu horo ake ba mu daga safe har yamma.

Ki gaida kowa.

Nafi'u

*

Filinge, ƙarshen sanyi

Nafi'u,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Kowa lafiya.

Na taya ka murna da gaske ran da wasiƙarka ta zo. Na je na faɗa wa Inna, ta sa an dama fura an kai maƙwabta. Sai na ce bari in shiga shafin kamfanin naku in ga ko sun sa hotonka, in nuna mata.

Sun sa. Da dogon labari a ƙasa. Na karanta shi sau da yawa don ina zaton faransancina ne ya gaza. An ce kai ne saurayin da ya kai intanet ƙauyukan Nijar, ka gina wa manoman dankali shafi, ka raba su da dillalai. Ga hoton Malam Kailu tsugune cikin gonarshi, wanda na ɗauka da wayata ina tsaye cikin laka. Ga kuma nawa hoton, na ranar sunan ɗanka, an rubuta ƙasanshi: mataimakiyarshi a karkara. Can ƙasa sun bayyana sharaɗin neman aikin, cewa sai mutum ya kawo shafukan da ya gina da manhajarsu cikin kont ɗinshi kafin ƙarshen watan nan da ka ce in hanzarta.

Ashe lokacin da na tambaye ka wace manhaja ta dace da ni, kai wadda ta dace da kai ka faɗa mini. Baiwata da kake ce mini tun muna yara, ni wasan taubasai na ɗauke shi.

Bari in ba ka labarin manoman da ka raba da dillalai. Na je Bonkuku ran kasuwa. Buhuna jibge ƙarƙashin rumfa, na ƙasa sun fara ruwa, wari na tashi. Dillalan da 'yan ƙungiyar sunka kora bara su ne zaune bisa buhunan suna taya yadda sunka ga dama. Wata tsohuwa cikin 'yan ƙungiyar ta riƙe mini mayafi tana magana da Zabarmanci, ban gane duka ba, amma na gane “talfon”, wato waya, da take ta maimaitawa.

Malam Kailu ya ja ni gefe. Ya ce wani ɗan kasuwar Yamai da ya saya bara sun haɗu, ya ce mishi ya rubuto ta shafin har ya gaji ba amsa, ya ɗauka ƙungiyar ta watse, ya tafi wani wuri.

Na ce, “Baba, saƙonnin suna zuwa wani waje ne, ban san haka za ta faru ba.”

Ya ce, “Wajen wa?”

Na ce wajen ɗan'uwana a Abijan.

Ya dubi buhunan. Sannan ya ce, “Mu ba mu san ɗan'uwanki ba. Ke munka sani. Ke kinka zauna bisa tabarmata kinka ce in yarda.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da zan tafi ya ce, “Sauka lafiya, madam.” Madam, Nafi'u.

Ka buɗe akwatin saƙonka ka duba. Ina so ka gan su da idonka.

Sa'adiyya Musa

*

Abijan

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Gwaggo. Ni dai tun da na karanta wasiƙarki ban ji daɗin jikina ba.

Na duba. Saƙonnin suna nan, sun faɗa wani ɓangare da ba ni buɗewa. Da yawa ne. Wallahi ban san nan suke zuwa ba, kuma da na tsaya na duba lokacin da kinka ce in duba da ba a kai ga haka ba. Wannan ban da bakin kare kaina.

Amma cewa na yaudare ki, ban yarda ba. Ki koma ki karanta wasiƙata ta farko. Na rubuta a fili cewa mutanen nan ni zan ɗauke miki nauyinsu gaba ɗaya. Kinka amsa da godiya, kinka turo lambobin sirri da hannunki. Ni na ɗauka kin gane cewa sun dawo ƙarƙashina, ke kina aikin, ni ina riƙe da su. Ban san kuɗin kati kawai kinka fahimta ba. Eh, ban faɗa miki maganar neman aikin ba. Na ji tsoro ne in faɗa a gida kuma in rasa, kamar sauran ayyukan da na nema.

Labarin da sunka rubuta ba ni na tsara shi ba. Sun tambaye ni, na ce aikinmu ne na gida, ni da ƙanwata, su sunka juya shi yadda zai yi musu daɗi. Ina sabon shiga, ta yaya zan ce wa mutanen da sunka ɗauke ni su sauke shi? Kuma ki tuna, abin da kinka iya ɗin nan wa ya koya miki? Ban taɓa ganin aikinki daban da nawa ba. In na hau, ke ma kin hau.

Ga abin da nike iya yi. Na amince da gyare-gyarenki duka, lambar Malam Kailu ta fito yanzu. Zan kira shi in ba shi haƙuri da kaina in kin ba ni izini. Sannan na yi magana da shugabana, akwai yiwuwar a ɗauke ki a hukumance, ki riƙa kula da Nijar ƙarƙashin ofishina. Aiki ne na wata-wata, ba irin wanda kike bin farmasi da shagon ɗinki ba.

Roƙona guda, kada maganar nan ta kai kunnen Baba da Gwaggo. Ba su da lafiyar ɗaukarta.

Yayanki,
Nafi'u

*

Filinge, bazara

Zuwa ga Nafi'u,

Wa'alaikumus salam. Ina fata kuna lafiya. Nan zafi ya kai inda ya kai, wuta na zuwa tana tafiya, amma muna nan. Na daɗe ban amsa ba don ban so in rubuta cikin fushi kamar wancan karon.

Na koma na karanta layin da ka ce in karanta. Gaskiya ne, ana iya fahimtarshi yadda ka ce. Amma na karanta tawa amsar ma, inda na rubuta ƙarara cewa kuɗin kati nike gode maka. Ka ga na fahimce ka a karkace, kuma ka yi shiru, don karkacewar ta yi maka amfani. Nan ne abin ya tsaya mini, ba a layin ba.

Lambar Malam Kailu ta fito bayan an kwashe buhu na ƙarshe. Kada ka kira shi. Na koma wurinshi da kaina na ce zan sake gina musu wani shafin, wanda ni kaɗai ke riƙe da ƙofarshi. Ya saurare ni har na gama, ya sa an kawo mini ruwa. Ya ce 'yan ƙungiya sun zauna, sun ce baɗi su da dillalansu, aƙalla su ana ganin fuskarsu. Wasu ma sun ce ba za su sake dankali ba. Ban yi gardama ba.

Na koma kan manhajar da na so tun farko. Na fara daga tushe, don abin da ke cikin kont ɗinka ba ya fitowa. Habsa ta biyo ni, ko da yake ta yi ƙorafi ɗinkunanta sun daina juyawa. Mai farmasi ma ya biyo ni. Daraktan lekol ya ce shi a bar shi inda yake, iyayen yara suna son ganin Abijan a ƙasan shafi. To, shi naka ne yanzu, ka riƙa buɗe saƙonninshi. Wani mai saida kayan sola a Sanam ya neme ni, na gama mishi nashi makon jiya, na tsaya bakin kasuwarsu na gwada, ya buɗe.

Aikin ƙarƙashin ofishinka na gode, ba ni so. Abin da nike so guda ne: a cire hotona da na Malam Kailu daga shafin kamfaninku. Yadda za ka faɗa wa shugabanka, kai ka sani. Shi tsohon bai ma san fuskarshi na can ba, kuma ba ni so wani ɗan bokon garinsu ya nuna mishi.

Ban faɗa wa Kawu ba, ban faɗa wa Inna ba, kuma ba zan faɗa ba. Ba don ka roƙa ba ne. Na ji za ku zo Sallar layya. Ka zo. Zan tare ku a tasha, zan ɗauki yaran, zan dafa maka abin da kake so, ba wanda zai ga komai a fuskata. Amma kada ka tambaye ni aiki, kuma kada ka taɓa ordinatar ɗina.

Inna na zaune kusa da ni yanzu tana tsince wake. Ta tambayi wa nike rubuta wa haka da tsawo, na ce kai ne. Ta ce in rubuta maka cewa duk ƙasar nan tamu ta Kurfai ba wanda ya riƙe ƙanwarshi kamar yadda ka riƙe ni, kuma Allah Ya ba ka ɗiyan da za su yi maka haka.

Ta ce in karanta mata ta ji ko na sa daidai. Na karanta mata. Ta ce daidai ne.

Sa'adiyya